Yadda 'yan lise za su haɗa gajeren bidiyon aikin makaranta da wayar hannu

Ɗalibai daga Garwa, Marwa da Ngaundere suna ta maimaita tambaya guda: malami ya raba mu rukuni-rukuni, ya ce kowane rukuni ya kawo bidiyo na minti 5, mu kuwa ba mu da kamara, ta ina za mu soma? Yawancin masu tambayar 'yan ajin Première ne da Terminale, azuzuwa biyu na ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, musamman na sashen TI, wato sashen kwamfuta da fasahar sadarwa, sai 'yan kulob ɗin jarida masu shirin makon matasa kafin bikin Ranar Matasa ta 11 ga Fabrairu.

Wayar da ke aljihunku ta isa. Da wuya hoto ya zubar wa ɗalibi da maki. Abin da ke zubarwa shi ne muryar da ba a ji, fayil ɗin da ya ɓace, da tacewar da aka fara ana jajibirin miƙa aiki. Ku ba aikin mako 3: na farko shiri, na biyu ɗauka, na uku tacewa. Za mu ɗauki misalin rukunin da ya zaɓi aikin jima a Marwa, amma matakan ba sa canzawa ko da masuntan kogin Binuwai kuka zaɓa ko masu kilishi.

1. Ku matse batun zuwa jimla ɗaya

Kafin komai ku sake karanta umarnin malami, ku rubuta abubuwa huɗu: tsawon bidiyon, harshen da ake so, ranar miƙawa, da yadda za a miƙa. In bai faɗi ɗaya daga ciki ba, ku tambaye shi tun yanzu.

"Sana'o'in gargajiya a Arewacin Kamaru" ba batun minti 5 ba ne. "Yadda majemi ɗaya yake mayar da ɗanyar fatar akuya ta zama jemammiya" shi ne batu: mutum ɗaya, wuri ɗaya, aiki ɗaya mai farko da ƙarshe. Ku zaɓi wurin da za ku iya komawa sau biyu da ƙafa ko da kuɗin babur kaɗan, domin kusan kullum sai an koma cike giɓi.

Ku raba aiki a rubuce: mai riƙe waya, mai kula da sauti, mai yin tambaya, mai tacewa. Mai tacewa shi ne kuma mai ajiyar fayiloli, ba wani ba.

2. Neman izini

Ku roƙi malaminku ya samo muku takarda mai hatimin makaranta, wadda ta ambaci sunayenku da abin da za ku ɗauka da ranakun. Ku yi mata kwafi biyu, ɗaya ta zauna a jakar mai riƙe waya.

Sannan ku je wurin mai sana'ar ba tare da kun fito da waya ba. A gaisa, a zauna, a yi bayani: "Baba, mu ɗalibai ne, makaranta ta sa mu nuna yadda ake wannan aiki, malaminmu da 'yan ajinmu ne za su kalla." In kuna da niyyar ɗorawa a Facebook ko YouTube, ku faɗa masa a wannan zaman, domin yardar nunawa a aji daban take da yardar yaɗawa duniya. In wurin yana da shugaba, kamar sarkin sana'a ko jauron unguwa, ta wurinsa ake shiga.

Gargaɗi: kada ku nufi barikin soja, ofishin jandarma, shingen bincike, filin jirgi ko gada da waya, ko da a bayan mutum suka faɗo. A Arewa Mai Nisa musamman wannan kan jawo ƙwace waya da tsarewa. Kada ku ɗauki yara ƙanana sai da yardar iyayensu, kada ku ɗauki matan aure a cikin gida sai an yarje muku a fili. Dokar Kamaru ta 21 ga Disamba 2010 kan tsaron intanet ta tanadi hukunci ga mai naɗar sirrin mutum ko yaɗa shi ba da yardarsa ba.

3. Kaya da kuɗi

Ba sai kun sayi waya ba. Ku jera wayoyin 'yan rukuni, ku ɗauki bidiyon sakan 20 da kowacce a cikin inuwa, ku zaɓi wadda hotonta ya fi tsabta. Ta biyu ta zama ta naɗar murya.

Abin da ya cancanci kuɗi shi ne ɗan makirufon da ake maƙalawa a wuyan riga. Ku ware masa tsakanin sefa 4,000 zuwa 8,000, ku je kasuwa da wayar da za ku yi aiki da ita, ku gwada a gaban mai shago kafin ku biya. Ku dubi bakin da ake sokawa: wanda ke aiki da waya yana da baƙaƙen zobba uku, mai zobba biyu na kamara ne, waya ba za ta gane shi ba. In wayar ba ta da ramin iyafon, sai kun haɗa da ɗan mahaɗin USB-C, shi ma a gwada shi nan take. Hanyar gwaji: ku soma naɗa, ku ƙwanƙwasa kan makirufon da farce. In ba ku ji ƙarar a naɗin ba, wayar da nata makirufon take ɗauka.

Sai katin memori mai 32 GB da kile ɗin USB guda, ku ware musu wajen sefa 8,000 gaba ɗaya. Akwai katunan jabu da ke nuna 64 GB alhali cikinsu bai kai rabi ba, sai an cika su fayiloli su ƙi buɗewa. Ku cika sabon kati da bidiyoyi tun a gida, ku buɗe na farko da na ƙarshe, ku tabbatar duka suna tafiya.

Mariƙin waya mai ƙafa uku yana da amfani, amma ana iya aronsa wurin masu ɗaukar biki. In babu, a jingina wayar da littattafai a kan kujera, a ɗaure ta da roba. Fawa bank ma a ara. Ku ƙara kuɗin babur na zuwa biyu, da ɗan goron da za ku kai wa mai sana'a. In ku huɗu ne, kowa ya kawo sefa 5,000 aikin zai tashi.

4. Saita waya

Ku sa girman hoto a 1080p. Ku ƙyale 4K: yana cinye wuri ninki biyu zuwa uku, yana sa waya zafi, kuma tsohuwar kwamfutar makaranta ba za ta iya jan sa ba. Minti ɗaya na 1080p kan ci wajen 100 zuwa 150 MB. Bidiyon minti 5 yana bukatar ɗanyen ɗauka na minti 40 zuwa 60, ke nan ku share wuri na aƙalla 10 GB.

In wayar ta yarda, ku zaɓi hoto 25 a kowane sakan maimakon 30. Wutar lantarkin Kamaru da Chadi tana gudu ne a kan 50 Hz, shi ya sa in an ɗauka da 30 a ƙarƙashin doguwar fitila ake ganin layuka suna yawo a allo. In kamarar wayar ba ta da wannan zaɓi, ku sauke manhajar Open Camera, kyauta ce a Android. Tana ba da damar zaɓar yawan hotuna, kulle haske, da tilasta wa waya amfani da makirufon waje. Duk abin da kuka zaɓa, kada ku canza shi har ku gama.

Wayar a kwance za a riƙe ta daga farko har ƙarshe. A goge gilashin kamara kafin kowace ɗauka, balle lokacin hunturu da ƙura ke sauka kowane minti. A sa alamar jirgin sama, domin kira ɗaya kan yanke naɗi a tsakiyar magana.

5. Takardar shiri

Shafi ɗaya ya isa. A hagu ku rubuta tambayoyi 6 zuwa 8, a dama hotunan da za su raka kowace amsa. Ku guji tambayar da amsarta "e" ko "a'a" ce. Maimakon "Aikin yana da wuya?" ku ce "Baba, daga lokacin da aka kawo fata, mene ne abu na farko da ake yi mata?" Sai ku bi aikin a jere: jiƙa fata, kankare gashi, tsoma ta a ruwan bagaruwa, shanya, murzawa. Kowane mataki ku rubuta masa hoto uku: na nesa mai nuna wurin duka, na tsaka-tsaki mai nuna mutum da aikinsa, na kusa mai nuna hannu da wuƙa kawai.

6. Ranar ɗauka

Nan ne aikin yake, don haka za mu daɗe a kai.

Lokaci: daga ƙarfe 7 zuwa 9 na safe, ko bayan la'asar. Da tsakar rana hasken yana faɗowa daga sama, idanun mutum su koma ramuka baƙaƙe, farar riga kuma ta ƙone a hoto. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa da Marwa kan wuce digiri 40, waya takan yi zafi ta dakatar da kamara da kanta. Ku cire wa wayar rigarta, ku riƙe ta a inuwa, kada ku ɗauka tana kan caji, ku huta minti 5 bayan kowane minti 10. Ku lura da lokacin kiran salla, kada ku fara hira ana saura kaɗan.

Haske: rana ko ƙofa ta kasance a bayan mai riƙe waya ko a gefensa, tana haska fuskar mai magana. Kuskuren da aka fi yi shi ne zaunar da mutum a zaure da buɗaɗɗiyar ƙofa a bayansa, sai fuskarsa ta fito baƙi ƙirin. Inuwar bishiyar darbejiya ma tana da tarko: hasken da ke ratsa ganye yana yin tabo-tabo a fuska. Inuwar bango ta fi. Ku danna fuskar a allo, ku riƙe har haske da saiti su kulle.

Sauti: kafin a kunna komai, kowa ya yi shiru na rabin minti ya saurara. Injin niƙa, janareto, rediyon maƙwabta, baburan kan titi, duk kunne ya saba da su ya daina ji, makirufo kuwa ba ya tsallake ko ɗaya. In akwai su, ku matsa ko ku roƙi a kashe na ɗan lokaci. Makirufon ya zauna kamar taƙi ɗaya daga baki, kada ya gogi babbar riga ko mayafi ko carbi. In ana iska, a naɗe kansa da ɗan soso, mai magana ya juya wa iskar baya. In babu makirufo, a kunna naɗar murya a waya ta biyu, a ajiye ta kusa da mutumin inda kamara ba ta gani. Da an kunna wayoyin biyu, wani ya tafa hannu sau ɗaya a gaban kamara. Da wannan tafin za a daidaita murya da hoto wajen tacewa.

Ku naɗi gwaji na sakan 15, mai kula da sauti ya saurara da iyafon, sannan a fara. Kada ku tsallake wannan ko da mai sana'ar yana sauri. Hoto mai ɗan duhu ana iya gyara shi, muryar da iska ta cinye kuwa ba manhajar da za ta dawo da ita.

Hira: kamara daidai tsayin idon mai magana. In a tabarma yake, ku sauko ƙasa. Mai tambaya ya zauna dab da gefen wayar, domin mutumin ya riƙa kallonsa, ba kamara ba. A bar shi ya yi magana da harshen da ya fi sakewa a ciki, Hausa ko Fulatanci, fassara tana zuwa daga baya. Abu mafi wuya ga ɗan Bahaushe shi ne yin shiru: tarbiyya ta koya mana amsa wa babba da "na'am", "haka ne", "gaskiya ne Baba", to duk waɗannan suna hawa kan muryarsa, ba sa yankuwa. Ku gaya masa tun farko cewa da kai za ku riƙa amsawa, kada ya ɗauka raini ne. In ya gama amsa, ku ƙirga uku a zuci kafin tambaya ta gaba. Sau da yawa maganar da ta fi daraja a cikin wannan ɗan shirun take fitowa.

Da an gama hira, kowa ya tsaya cak a naɗi sakan 30 na shirun wurin. Za a bukace shi a mataki na 8.

Hotunan aiki: kowane ɗaya a riƙe shi sakan 10 ba motsi, ko da sakan 3 za a yi amfani da shi. Kada a ja hoto kusa da yatsu, yana farfashewa; a taka a matsa. Kada a riƙa yawo da waya hagu da dama ana neman abin ɗauka. A tsaya, a zaɓa, a kunna, a ƙirga, a kashe. Kafin ku bar wurin ku bi takardar shiri kuna sa alama, ku kuma rubuta sunan mutumin da sana'arsa yadda yake so a rubuta.

7. Kwashe fayiloli a daren ranar

A wannan daren, ba gobe ba, a kwafe komai zuwa wuri na biyu: kwamfuta, kile, ko wayar wani ɗan rukuni. A yi da kebul ko Xender. Kada a tura ta WhatsApp a matsayin bidiyo, yana matse shi ya rage ingancinsa. In dole ne, a tura a matsayin takarda, wanda ke ɗaukar fayil har 2 GB, sai dai zai sha data.

A buɗe jaka ɗaya mai sunan aikin, cikinta ƙananan jakunkuna: hira, aiki, sauti, rubutu. A canza sunayen fayiloli zuwa abin da ake ganewa, kamar hira01 da kankare02. Daga ranar da aka fara tacewa kada a sake canza suna ko wurin fayil, in ba haka ba manhajar za ta neme shi ta rasa.

Gargaɗi: kilen da aka tsara da FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce 4 GB, a mayar da shi exFAT tun yana fanko. In kun soka kile a kwamfutar shagon buga takardu kuka ga jakunkunan sun koma gajerun alamomi, ƙwayar cutar kwamfuta ce ta ɓoye su. Kada ku goge kilen, fayilolin suna nan. A buɗe shi a kwamfuta mai riga-kafi, a kunna nuna ɓoyayyun fayiloli, a kwashe.

8. Tacewa

A waya akwai CapCut da VN. KineMaster na kyauta yana buga tambarinsa a kan hoton, CapCut kuma yakan liƙa ɗan guntun tambari a ƙarshe, a goge shi kafin fitarwa. A kwamfuta akwai Shotcut da Kdenlive, kyauta ne, kuma suna tafiya a inji mai matsakaicin ƙarfi. DaVinci Resolve yana da kyau amma yana son inji mai ƙarfi, kada ku ɓata kwana biyu kuna fama da shi a ɗakin kwamfutar makaranta.

Jerin aikin yana da muhimmanci. Da farko ku saurari hirar duka, ku rubuta mintin da kowace magana mai amfani ta faɗo. Ku jera waɗannan maganganu kawai har su ba da labari na kusan minti 4, ba kiɗa, ba ado. Ku rufe ido ku saurara. In kun fahimci yadda ake jima daga murya kaɗai, ginshiƙin ya tsaya. Sannan ku ɗora hotunan aiki a layi na sama, kuna rufe wuraren da aka yanka, kowane hoto sakan 3 zuwa 5, kuma ya dace da abin da ake faɗa a lokacin. Kada ku yanka maganar mutum yadda ma'anarta za ta juya.

Ku bar adon da manhaja ke tallatawa: hoto mai juyawa, taurari, rubutu mai tsalle. Yanka kai tsaye ya wadatar.

In akwai gurnanin inji a ƙarƙashin murya, ku kai sautin Audacity, manhajar gyaran sauti. Ku zaɓi shirun nan na sakan 30, ku nuna wa sashen rage hayaniya shi a matsayin samfuri, sannan ku zartar a kan hirar duka da kimanin 12 dB, wato ma'aunin ƙarfin sauti. In kun zarce, muryar za ta koma kamar daga cikin gwangwani take fitowa. Ƙarfin murya ya riƙa kaiwa tsakanin -12 da -6 dB, kada ma'aunin ya taɓa ja.

Kiɗa: kada ku ɗauko waƙar mawaƙi ku liƙa. Dokar haƙƙin mallaka ta shekarar 2000 ta kare ta, YouTube da Facebook kuma sukan toshe sautin. Akwai taskar kiɗan kyauta ta YouTube, ko ku naɗi mai garaya a unguwa da yardarsa. Sau da yawa ƙarar aikin kanta, ruwa da wuƙa da bugun fata, ta fi kowane kiɗa. In kun sa kiɗa a ƙarƙashin magana, ya sauka wajen -25 zuwa -30 dB.

In a kwamfuta kuka ga baki da murya suna rabuwa a hankali, waya ce ta naɗa da gudun hotuna mai canzawa. A bi da fayil ɗin ta manhajar HandBrake, a zaɓi tsayayyen gudu, a sake shigar da shi. A riƙa adana aiki kowane minti 10 saboda ɗaukewar wuta.

9. Fassarar ƙasan allo

Malami da Faransanci zai duba, ke nan duk maganar Hausa ko Fulatanci tana bukatar fassara. A rubuta ta a takarda tukuna, wanda ya fi iya nahawu ya gyara, sannan a shigar. Layi biyu ne iyaka, kowane layi kada ya wuce haruffa 40, ya tsaya aƙalla sakan 2. Farin rubutu mai baƙin gefe, a ɗan ɗaga shi daga ƙasa domin majigi yakan yanke gefe.

In za ku rubuta kalmomin Hausa ko Fulatanci, yawancin salon rubutun ado ba su da ɓ, ɗ, ƙ, ƴ da ŋ, sai akwati ya fito a madadinsu. Noto Sans da Andika suna da su duka, har da é da è na Faransanci. A ƙarshen bidiyon a jera sunayen 'yan rukuni da aikin kowa, ajinku, shekarar karatu, da godiya ga mai sana'ar.

10. Fitarwa da miƙawa

A fitar da MP4 mai tsarin H.264, 1080p, da yawan hotunan da aka ɗauka da shi, a kan 8 Mbps. Minti 5 zai ba da kusan 300 MB. A sake fitar da ƙarami na 720p a kan 3 Mbps, wajen 110 MB, don turawa ta waya. Sunan fayil ya ƙunshi aji da lambar rukuni.

Ku kalli abin da ya fito daga farko har ƙarshe, sau ɗaya da iyafon, sau ɗaya da lasifikar waya, domin muryar da ake ji a iyafon takan nutse a aji mai ɗalibai da yawa. Ku kai wa mai sana'ar ya gani kafin ku miƙa. In ya ce a cire wani wuri, a cire.

Ana saura kwana 2, ku gwada fayil ɗin a ainihin kwamfutar da za a nuna shi. In ya ƙi buɗewa, VLC yakan buɗe shi, don haka ku ajiye manhajar a kilen. Lasifikar majigi ba ta da ƙarfi, ku aro ƙaramar lasifika da kebul ɗinta, a cike ta da caji. Ranar nunawa ku zo da kwafi biyu a hannun mutum biyu, tare da takardar shiri da takardar izini, saboda malami yakan tambayi kowane ɗan rukuni abin da ya yi da dalilin da ya sa aka yanka wuri kaza. Ɗanyun fayilolin kuma kada a goge su sai an fitar da maki.